Yadda Matiyu Mai Rijiya Ya Zama Itisi

Matiyu ya zo Gombe daga ƙasar Tangale shekarar da jirgin ƙasa ya fara shigowa gari, dagi a kafaɗa, igiya naɗe a ƙugu. Haƙa rijiya ce sana'arsa, kuma duk wanda ya san Gombe ya san wannan ba aikin rago ba ne, don ruwan garin nan sai ka bi shi can ƙarƙashin ƙasa kafin ya yarda ya nuna fuska. Ya kama haya a gidan kawuna a unguwar Shamaki, jikin ɗakin da nake wanke hotuna. Ni ne Babayo mai hoto. Shekara da shekaru bango ɗaya ne tsakanina da shi, ko tari ya yi na san nasa ne.

Gajere ne kakkaura, tafin hannunsa duk ya tsattsage, jan laka ya shiga tsagar ya zauna, ba sabulun da ke fitar da shi. Ba ya shan giya, ba ya faɗa da kowa. Ran Lahadi zai yi wanka ya sa farar rigarsa guda ɗaya ya tafi coci, ya dawo ya ninke ta ya mayar akwati. Matarsa Dokas ta rasu tun 'yarsu Selina tana goye. Yana da ƙane ɗaya, Bernard. Lokacin da ubansu ya mutu, Matiyu ne ya bar ajin mishan tun bai iya haɗa baƙi ba, ya koma gona don ƙanen ya ci gaba da karatu. Bernard ya zama malami, har ya kai hedimasta a wata firamare a cikin gari. Tun daga ranar da ya fara riƙe alli Matiyu bai ƙara kiran sunansa ba, sai dai Ticha. Da Selina ta isa shiga makaranta ya kai ta gidan Ticha, tana yi wa matarsa wanke-wanke da raino, tana zuwa aji.

Abin da Matiyu yake so a duniya bai taka kara ya karya ba. So yake ya ji an kira sunansa a lasifika, a gaban jama'a, ko da sau ɗaya ne.

Wanda bai ga shekarun nan da kuɗin mai suka shigo ba zai ce wannan wane irin buri ne. To, a lokacin komai sai an yi masa bikin buɗewa. Aji biyu aka gina, biki. Kwalbati aka yi, biki. A kafa rumfa, a jera kujerun ƙarfe, a ɗaura lasifika a kan bishiyar maina, a kawo lemon kwalba cikin baho. Kafin a yi komai sai mai gabatarwa ya bi manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya da Turanci, wanda aka kira ya miƙe ya cire hula ko ya yi jinjina, a tafa masa, ya zauna yana gyara riga. Na ga mutanen da suka ɗinka sabuwar babbar riga don wannan miƙewar kawai. Matiyu kan tsaya can bayan rumfa, inda 'yan kallo suke, ya yi ta tafi har hannunsa ya yi zafi. Mai gabatarwar da ake rububi kuwa a duk garin Ticha Bernard ne, saboda Turanci a bakinsa kamar famfo, ga kwat, ga iya sa manya dariya.

Sai wani ɗan kwangila, Alhaji Bamanga, ya ce zai yi wa mutanen Gabukka rijiya. Lokacin Gabukka gonaki ne da 'yan gidaje jefi-jefi. Matiyu aka ba aikin. Rani guda ya yi a cikin ramin nan, ƙasa ta taɓa rufto masa har ƙirji, aka jawo shi da igiya, ya huta kwana kaɗan ya koma. Da ruwa ya fito aka sa ranar biki, aka ce Ticha ne zai gabatar. Matiyu ya shigo wurina bakinsa har kunne.

"Malam Babayo, na gaya wa Ticha. Na ce wannan karon dai ya kira ni. Ya ce to."

Har hula ya saya, wata jar ƙube, irin ta 'yan birni.

Ranar biki ina nan da kyamarata. Ticha ya kira Alhaji Bamanga, ya kira kansila, ya kira wani injiniya da bai taɓa leƙa ramin ba, ya kira mai unguwa, har direban Alhaji ya samu shiga. Matiyu yana gefe, ya riga ya cire hula ya riƙe. Ticha ya dube shi, ya dubi ƙafafunsa masu kaushi cikin takalmin taya, ya kawar da kai, ya rufe jerin da haruffa ukun nan da 'yan boko ke rufe lissafi da su, yana kiransu ɗaya-ɗaya: i, ti, si. Su ne kuma a ƙarshen rubutun da aka zana a simintin bakin rijiyar, bayan sunayen manya: etc.

Da aka tashi, Matiyu ya matsa kusa da ƙanensa, Alhaji Bamanga yana tsaye a wurin yana goge gumi.

"Ticha, ban ji sunana ba."

Da wani ƙanen ne, da sai ya ce mantuwa ce, ya ba da haƙuri. Bernard kuwa ya ga Alhaji yana saurare, sai ya gyara murya.

"Haba Yaya, ai na kira ka. Ba ka ji na ce Itisi ba? Kai ne. Haka Turawa ke kiran babban ma'aikaci, wanda ya wuce a kama sunansa kai tsaye. Shi ya sa ake ajiye shi a ƙarshe. Zo ka gani, ga shi ma an rubuta a siminti."

Ya ja shi bakin rijiya ya ɗora masa yatsa a kan haruffan. Matiyu ya shafa su a hankali, ya sake shafawa. Alhaji Bamanga, wanda ya yi makaranta har midil, ya yi dariya har da riƙe ƙofar mota, hawaye na zubo masa. Da ya samu numfashi ya ce, "Ticha, bikin buɗe shagona sati mai zuwa, wallahi sai ka zo min da shi."

Haka aka fara. Duk bikin da Ticha zai gabatar, sai ya aika wa wansa. A ba Matiyu kujera a layi na biyu, shi da bai taɓa zama a ƙarƙashin rumfa ba. Ticha zai jero manya, in ya zo ƙarshe ya yi shiru, ya ɗaga hannu, ya ja haruffan a hankali. Matiyu ya miƙe, ya cire jar hularsa, ya juya dama ya juya hagu yana sunkuyawa. Wuri ya ɗauki tafi da shewa, ya fi wanda aka yi wa kansila. Manya suna dukan cinyar juna. Shi kuwa ya zauna idonsa na ƙyalli, yana ganin duniya ta san da zamansa.

Sunan ya bi shi. Masu shayi, 'yan kamasho a tasha, matan da ke ɗiban ruwa, kowa Itisi. Ya sa wani mai fenti ya zana masa haruffan da shuɗin fenti a ƙofar ɗakinsa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne waɗanda suka fi kowa dariya ba su da labarin abin da suke wa dariya, sun dai ga manya na yi.

Ni na gaya masa. Turancina bai wuce na ciniki ba, amma ina da ido. Na ja shi har bakin kasuwa na nuna masa allon wani shagon kayan gini, inda aka rubuta siminti, kwano, ƙusa, sannan haruffan nan uku.

"Matiyu, ka gani? Ma'anarsa da sauransu. Tarkacen da ba a ƙirga ba. Wasa ake da kai."

Ya dubi allon, ya dube ni, ransa ya ɓaci.

"Malam Babayo, kai aji nawa ka yi? Ticha ya yi kwaleji. Uwa ɗaya ta haife mu. Zai yi min ƙarya ne? Mai shagon nan ma ƙila babban ma'aikaci ne, shi ya sa ya rubuta."

Ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata da kyau. Taurin kai kam yana da shi, irin na mutumin da ya saba sara dutse har ya ga ruwa. Na ƙyale shi.

Aka ci shekara biyu ko fiye a haka, har Selina ta shiga aji bakwai. Yarinya ce mai shiru, doguwa, ta ɗauko idon uwarta in ji ubanta, kuma kanta na ja. Wata Asabar da la'asar ina shanya hotuna a tsakar gida sai ga ta ta shigo ba sallama. Matiyu yana zaune a bakin ƙofarsa yana gyaran igiyar guga. Ya washe baki zai yi mata maraba, ta tsaya ƙiƙam tana kallon shuɗin fentin da ke bisa kansa.

"Baba, ka goge wannan abin."

"Me ya faru, 'yata?"

"Jiya Baba Ticha ya shigo ajinmu ya koya mana shi. Ya ce ba ma Turanci ba ne, Latin ne, yaren mutanen da suka mutu tuntuni. Et cetera. Wai da sauran abubuwa. Ya rubuta a allo: tsintsiya, bokiti, shebur, sannan ya sa shi. Ya ce ana sa shi ne in an gaji da lissafi, abin da ya rage bai kai a faɗa ba." Ta ƙara da cewa, "Ya ce kada wanda ya kuskura ya sa wa mutane a jarrabawa, na kaya ne, na mutane daban yake. Ya ce sa wa mutum raini ne. Baba, duk ajin suka juyo suna kallona. Shi ma yana kallona, yana murmushi."

Matiyu ya tsayar da gyaran. Igiyar tana hannunsa.

"Tun ina aji biyar suke ce min 'yar Itisi. In na wuce sai su miƙe su cire hular da ba su da ita. Kai kaɗai ne ba ka sani ba a duk garin nan. Kai kaɗai! Ka miƙe kana sunkuya musu kamar birin mai wasa."

Ta faɗi wannan ta toshe bakinta da hannu, amma ta riga ta faɗa. Ta juya ta fita da gudu. Matiyu ya ajiye igiyar. Can ya tashi ya ɗauko dagi, ya shiga kankare fentin, har ya ci rabin katakon ƙofar. Bai dube ni ba, ni ma na yi kamar hotuna nake juyawa.

Washegari bayan coci ya tafi gidan ƙanensa. Shi ya ba ni labarin abin da aka yi da ya dawo, yana zaune a dokin ƙofata, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce ya tarar da Ticha yana cin shinkafa, ko kujera bai nuna masa ba. Ya tambaye shi ko gaskiya ne abin da yarinya ta faɗa. Ticha ya ajiye cokali ya ce, "To, ka sani yanzu. Sai me? Wa ya taɓa ba ka kujera kafin wannan? Lemo nawa ka sha a dalilina?" Sannan ya gaya masa cewa bikin ba da kyaututtuka na makarantarsu ya matso, Alhaji Bamanga ne babban baƙo, kuma ya riga ya tambaya ko Itisi zai zo. Matiyu ya ce ba zai ƙara miƙewa ba. Ticha ya ce, "Shi ke nan, Yaya. Ka zo da yamma ka kwashi 'yarka da akwatinta. Ta ci jarrabawar sakandare, takardunta suna hannuna, ni zan sa musu hannu. In kana ganin za ka iya, ka kai ta bakin rijiya ta riƙa ja maka guga."

Na ce, "Ka ce masa me?"

"Na ce zan miƙe."

Na fara zagin Bernard, ya ɗaga min hannu. Sai na ga wani abu kamar murmushi a fuskarsa.

"Bari, Malam Babayo. Akwai wani abu. Selina ce ta ɗaya a makarantar duka. Za a kira ta ta karɓi kyauta. Ka san yadda ake kiran 'yan makaranta, da sunan uba. Selina Matiyu. A lasifika, a gaban Alhajin, da bakin Ticha. Ba yadda zai yi ya tsallake." Ya dafa gwiwata. "Sunana zai fito, ko a bayan nata ne. Ina so ka ɗauke ni hoto daidai lokacin."

Ranar ta zo. An kafa rumfa a filin makaranta, yara sun jeru cikin rana, iyaye sun cika. Matiyu ya sa farar rigarsa, ya zauna a layi na biyu, jar hular a kansa. Ticha ya hau kiran manya, ya zo ƙarshe, ya yi shirun nan nasa, ya ɗaga hannu. Tun kafin ya buɗe baki kawuna sun juya.

Matiyu ya miƙe. Ya cire hula, ya juya dama, ya juya hagu, ya sunkuya, komai yadda ya saba. Aka yi shewa, yara suna buga ƙafa, Alhaji Bamanga yana dukan hannun kujera. Ba wanda ya lura da wani bambanci, sai ni da nake kallonsa ta cikin gilashin kyamara. Idonsa a ƙasa yake. A rayuwata na ɗauki gawa, na ɗauki haɗarin mota don 'yan sanda, amma ban taɓa ganin abin da ya tayar min da hankali kamar wannan sunkuyawar ba.

Aka yi jawabai, aka yi waƙa, aka zo kyaututtuka. Ticha ya fara daga ƙananan aji. Matiyu ya gyara zama, ya sa hannu ya share fuska, ya neme ni da ido, na ɗaga masa kyamara. Ticha ya ce yanzu sai wadda ta fi kowa a makaranta. Ya ce, "Selina," sai ga Matiyu tsaye, tun ba a ƙarasa ba, ƙirji a buɗe, hula a sama.

"Selina Bernard."

Yatsana ya riga ya danna. Yarinyar ta fito daga layi ta nufi tebur, ba ta dubi ɓangaren rumfar ba. Matiyu yana nan tsaye, hannu a sama, shi kaɗai a cikin mutanen da ke zaune. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Zauna, Itisi, an riga an kira ka!" Wuri ya sake fashewa da dariya, har wadda ta fi ta farko. Ya sauke hannun a hankali ya zauna.

Da aka watse, ya je inda Ticha yake tattara takardu. Selina tana gefe rungume da littafin da aka ba ta. Ina kusa, ina naɗe wayar fitilar kyamara.

"Ticha, har wannan ma?"

"A'a, Yaya, wannan kam ba ni ba ne. Ita ta zo ta same ni a ofis ta roƙa a canja sunan kafin a aika takardu. Ga ta nan, tambaye ta."

Matiyu ya juya ya dubi 'yarsa. Ta ƙura wa bangon littafin ido.

"Baba, can makarantar ba wanda ya san ni. Ba na so su sani."

Na zaci zai daka mata tsawa, ko ya yi kuka, ko ya kama wuyan kwat ɗin ƙanensa, wanda da ya yi da na taya shi. Bai yi ko ɗaya ba. Ya gyaɗa kai.

"Gaskiya ne. Kin yi dabara, 'yata."

Wuyan rigarta ya ɗan lanƙwashe, ya miƙa hannu zai gyara mata, sai ya dubi tafin hannunsa, ya dubi farar rigar, ya mayar da hannun bayansa.

Bai ƙara zuwa bikin kowa ba, kuma ba a neme shi ba, don Ticha ya samu ƙarin girma an ɗauke shi daga makaranta zuwa ofishin ilimi, ya daina gabatarwa. Hoton na wanke shi, ya fito tsaf: mutum ɗaya tsaye, kewaye da bakuna a buɗe. Matiyu bai taɓa tambayata shi ba, ni kuma ban nuna masa ba. Ya ci gaba da haƙa, yawanci a Kwadon da ƙauyukan gefenta, ya yi makonni bai dawo ba. Selina takan zo hutu gidan Ticha, ta leƙo Shamaki ta gaishe shi a tsaye. Tarin da nake ji ta bango ya yi ta ƙaruwa, ƙurar rami ta cinye masa ƙirji. Wata damina ya kwanta, bai tashi ba.

Na bi masu ɗauke da gawarsa maƙabartar Kirista na tsaya daga gefe. Mutanen da suka zo ba su cika inuwar bishiya ɗaya ba. Bernard ya aiko da mota da uzuri, Selina tana can makaranta ana jarrabawa. Fasto ya buɗe littafinsa ya kira sunan mamacin da ƙarfi, cikakke, har da na ubansa. Ba lasifika, ba tafi.

A hanyar dawowa na tsaya wurin mai shayin bakin layinmu, wanda Matiyu ya yi shekaru yana sayen burodi a wurinsa. Ya ga laka a takalmina ya ce daga ina.

Na ce, "Daga jana'izar Matiyu."

"Wane Matiyu?"

Na ce mai rijiya, gajeren nan, maƙwabcina. Ya yi ta juya cokali a kofi, ya girgiza kai. Na tsaya na ƙi faɗin wancan sunan. Sai wani da ke zaune a benci ya ce, "Itisi yake nufi."

Mai shayi ya ce, "Ayya, Itisi! Ashe yana da suna."